Rabon Mutanen Tudu

Ni na koya wa abokina ɗaura ƙugiya. Wannan nake so a fara sani kafin a ji sauran, domin har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Tare muka zo Alƙahira karatu, ɗaki ɗaya muka kama a Hayyus Sabi', katifa biyu da risho ɗaya. Shi mutumin tudu ne daga can arewacin Katsina, ruwan da ya sani bai wuce na rijiya da kududdufin damina ba. Ni kuwa ɗan masunta ne daga Yawuri, a bakin Kwara na buɗe ido, a cikin kwalekwale na koyi tsayuwa. A komai ya fi ni. Ya fi ni hadda, ya fi ni bakin Larabci, ya fi ni iya shiga ran mutane. Abu ɗaya ne nawa ni kaɗai, shi ne ruwa. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci mukan hau mikrobas mu gangara Giza, mu zauna a bakin Nilu da fatsa ɗaya ta gora, ina nuna masa yadda ake soka tana da yadda ake jin kifi a yatsa tun kafin ya ja. Yana ce mini Sarkin Ruwa, ina ce masa Baƙauye. A wurin ne na ba shi labarin wata al'ada ta garinmu: duk kwalekwalen da ya dawo da kamu, kafin a kai kasuwa sai an ware wani kaso an aika wa tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare ba sa iya shiga ruwa. Rabon mutanen tudu muke ce masa. Abin ya burge shi ƙwarai, har ya sa na maimaita masa.

Karatu ya ƙare, ba wanda ya koma gida a cikinmu. Shi ya shiga harkar tura tayil da marmara zuwa Najeriya, Allah ya buɗa masa, ya koma Dokki, unguwar masu hali. Ni ina nan unguwarmu, ina yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Wallahi ban taɓa jin zafin motarsa ba, ko gidansa. Mota ai mota ce, kowa na iya samu. Amma ranar da ya kira ni ya ce zai sayi jirgin ruwa na kamun kifi, na hannu, a Sukhna can bakin Bahar Maliya, sai na ji kamar an shigo ɗakina an ɗauki abu ba a tambaye ni ba. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba.

"Amma ba zan saya ba sai ka gani da idonka, Sarkin Ruwa," in ji shi.

Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Na ce tamam, ya zo ya ɗauke ni ranar Asabar.

Da motar ta tsaya a ƙofar gidanmu, sai na tarar da mutum a kujerar gaba. Kujerata. Wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ne, ɗan gayu, da hular hana-sallah da baƙin tabarau, wanda abokina bai daɗe da saninsa ba. Wai ya taɓa aiki a wata ƙasa ta bakin teku, can ya koyi kamun kifi na nishaɗi. Na shiga baya na zauna kamar fasinja. Tun daga Alƙahira har muka hango ruwa bakinsa bai rufu ba: sunayen kifaye, sunayen sandunan kamu, wane inji ya fi wane. Abokina kuwa sai cewa yake, "Haka ne? Ikon Allah." Da irin muryar nan yake ce mini haka a bakin Nilu, shekarun baya.

Dillalin jiragen Bamisire ne mai tumbi, kowa a wurinsa basha ne, wato ranka ya daɗe. Jirage biyu ya nuna mana. Na farko fari ne, siriri, da manyan injuna biyu na fetur rataye a bayansa, yana ƙyalli kamar ba a taɓa hawansa ba. Na biyu ya fi shi shekaru, mai faɗin ciki, da injin gas guda ɗaya a can ƙasa, da ɗan ɗaki da mutum zai iya miƙe ƙafa. Ranar kuma ba iska ko kaɗan, tekun ya kwanta lumui kamar ruwa a faranti. Muka fara da farin. Matuƙin ya danna, hancin jirgin ya ɗaga sama, hulata ta kusa tafiya, abokina yana ta dariya irin ta yara. Ni allurar mai nake kallo, ina ganin saukarta da idona. Da muka hau na biyu sai ya kama hanya a hankali, tuf-tuf-tuf, allurar ko motsi ba ta yi ba.

A wurin mai shayi na tashar muka zauna yanke magana. Mutumin ofishin jakadanci ya ce farin za a saya. Hujjarsa ita ce wurin manyan kifaye da nisa yake, mai gudu zai kai ka da sassafe, kuma idan yanayi ya juya zai dawo da kai kafin abin ya yi tsanani. Sai ya juyo gare ni da murmushi.

"Malam, ka san teku ba kogi ba ne."

Kai, maganar nan ta ƙona mini rai. Ni za a gaya wa ruwa? Na ajiye kofin shayi na ce, "Yallaɓai, ruwa dai ruwa ne, kuma a cikinsa aka yanke mini cibiya." Sannan na juya wajen abokina, domin shi nake so ya ji. Na ce masa mahaifina da ɗan ƙaramin inji ya ciyar da mu, ya hau kogi da inji, ya kashe shi ya gangaro da ruwa, bai taɓa ƙona man da kifin ranar ba zai rufe ba. Na ce jirgin da ke shan mai irin na farin nan, za ka fita sau ɗaya kana murna, ka fita na biyu kana tsaki, daga nan ka ɗaure shi a tasha ya zama ado. Injuna biyu kuma ciwo biyu ne, balle na hannu, waɗanda mai su na farko ya gama more ƙarfinsu. Na nuna masa baƙin hayaƙin da na gani a bakin ɗaya daga cikinsu. Na ce shi wannan mai faɗin cikin duk Juma'a zai fitar da kai ba tare da ka ji a jikinka ba, kuma kifi ba da gudu ake kama shi ba, da zama ake kama shi.

Gaskiya na faɗa, har gobe kuma ina kan bakana. Sai dai a zuciyata ba jirgi nake gani ba. Mu biyu nake gani a wancan faffaɗan cikin, muna zaune yini guda muna hira kamar da, ba mai hular hana-sallah a tsakaninmu.

Abokina ya juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan. Maganar Sarkin Ruwa na ɗauka."

Da za mu dawo ni na zauna a gaba. Ban jira an ce mini ba.

Bayan an gama takardu da gyare-gyare, ya sa ranar fita ta farko. Mu uku ne da matuƙi, wanda Misirawa ke ce wa rayyis. Ranar akwai iska, ba wata mai yawa ba, rayyis ma cewa ya yi ba komai. Muna barin bakin tasha na gane akwai abin da ban sani ba. Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda zai tura ka, ƙafarka ta riga ta shirya. Shi teku ɗaga ka yake yi ya karkata ka ya sauke, ya sake ɗagawa ta wani gefen. Jirgin nan da na zaɓa da bakina, mai faɗin ciki, mai tafiya a hankali, sai ya riƙa lilo da mu ba ƙaƙƙautawa, warin gas yana tasowa daga ƙasa. Gumi ya karyo mini, bakina ya cika da miyau, kaina ya fara juyawa. Na riƙe ƙarfe na daure, na daure, har daurewa ta ƙare. Ɗan masuntan Yawuri ya leƙa da kai gefen jirgi ya amayar da ful da ta'amiyya, wake da ƙosan Misirawa, da ya karya da su.

Kuma tafiyar ba ta ƙarewa, tunda jirgin ba ya sauri. Na kwanta a ƙasan ɗan ɗakin nan da na yaba, ina jin kamar raina zai fita. Rayyis ya miƙo mini lemon tsami yana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri. Mutumin ofishin jakadanci ya jiƙa tawul ya ɗora mini a goshi, ya ba ni ƙwayar magani, ya ce, "Sannu Malam, kowa da haka ya fara." Da dariya ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Daga inda nake kwance ina jin su a waje, ina jin abokina yana cewa, "Yallaɓai, zo ka duba mini ɗaurin nan." Na juya fuskata ga bango.

Ban haƙura ba. Na sake bin su, na sha magani tun daga gida, na ƙi cin komai, duk a banza. A fita ta uku, da abokina ya ga halin da nake ciki, ya sa rayyis ya juya tun ba su jefa ƙugiya ba. Ba wanda ya yi mini ƙorafi a hanya. Amma na ga fuskokinsu, na ga yadda suke waiwayen wurin da ba su kai ba. Juma'ar da ta biyo baya na ce ina da mara lafiya a asibiti. Wadda ta biyo bayanta ma haka. Daga nan ya daina tambaya, don kada ya kunyata ni.

Jirgin kuwa ya cika duk alkawarin da na yi a madadinsa. Ba ya shan mai, ba ya ciwo, duk Juma'a yana kan ruwa. Har kirana abokina yake yi ya gode mini, ya ce da farin ya saya da tuni ya ɗaure shi. Hotuna suna shigowa wayata, su biyu kafaɗa da kafaɗa, suna riƙe da kifin da ya kai tsawon hannu. Ina dubawa in kife wayar, can in sake ɗauka in duba.

Wata Asabar da hantsi bawwab, mai gadin gidanmu, ya ƙwanƙwasa ya ce ana nemana a ƙasa. Direban abokina ne, da kula cike da kifi da ƙanƙara. Ina buɗewa wayata ta yi ƙara.

"Sarkin Ruwa, saƙo ya iso? Ka tuna al'adar garinku da ka ba ni labari? Na gaya wa rayyis, daga yanzu kafin a taɓa komai a fara ware naka."

Muryarsa cike da murna take, ya yi abin kirki, ya riƙe abin da na koya masa. Na ce na gode, Allah ya ƙara arziki. Na ɗauki kular na hau bene da ita, ina tuna tsofaffin da ake aika wa irin wannan kason a garinmu, yadda suke karɓa suna sa albarka idonsu yana kan kogi.

Matata ta ce in ba ta ta gyara, na ce a'a, wannan dai har yanzu na iya. Na zauna a kicin da wuƙa na feɗe babban cikinsu. Ya haɗiye ƙugiyar can ciki, shi ya sa suka yanke zaren suka bar ta. Na zaro ta na wanke, na ɗaga ta wajen taga ina duban ƙullin. Ya ɗauru da kyau, ko kifin da ya fi wannan ba zai tsinka shi ba. Amma ba irin ɗaurina ba ne.