Idon Nawa Ne, Yatsan Ma Nawa Ne

Ko da tsufa zai sa na manta sunan unguwar da aka haife ni, ba zan manta ranar da na dangwala babban yatsana a takardar asibiti ba. Ban yi boko ba, ban iya rubutu ba. 'Yata ce take rubuta wannan, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, ta sa yadda na faɗa, har wuraren da kuka ya ci ƙarfina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne a kasuwar Sabon Gari. Mutum ne da yake zura zare a allura yana hira, ko dubawa ba ya yi. Da girma ya zo, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya je asibiti, likitan wancan zamani ya haska shi ya ce yanar ba ta nuna ba, ya koma gida sai ta nuna tukuna. Haka ake yi a da. Sai ta yi tauri, mutum ya daina gani sarai, sannan a yi babban yanka a ciro ta, a ɗinke. Mun ga yadda aka yi wa surukata: kwana goma tana kwance rigingine, an tokare kanta da jakunkunan yashi, ko tari an hana ta. Da ta tashi aka ba ta tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ranar da ya fashe ta koma duhu.

Maigidana ya ce shi ba zai zauna jiran makanta ba, ga ɗinkunan mutane jibge. Sai ƙaninsa ya zo da labarin wani mai aikin ido da ya sauka a Dogarawa, wai yana kwashe yana da allura, nan take mutum ya gani.

A zauren gidanmu na Muchia aka yi, da hantsi. Ni na kai ruwan ɗumin da mutumin ya nema. Na tsaya bayan ƙyaure ina leƙe, na ga allurar da ya zaro daga wani tsumma, raina ya ƙi ta. Wallahi raina ya ƙi ta. Amma maza ne cike da zaure, mace ba ta tsoma baki. Na ji nishin maigidana sau biyu, domin idon biyu aka yi masa rana ɗaya. Can sai mutumin ya ce, "Yatsu nawa?" Maigidana ya ce, "Uku!" Zaure ya ɗauki kabbara. Aka nuna wa kowa wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa a kan ƙyalle, wai yanar ke nan.

Kwana uku idon ya kumbura ya yi jajur. Mai allura ya bar gari. Da muka koma asibiti suka ce babu abin da za a iya. Shekara tara maigidana ya yi a duhu, yana bin bango da hannu daga ɗakinsa zuwa wurin alwala. Keken ɗinkinsa ya yi tsatsa a lungu. Bai taɓa zargin kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni ce na zargi kaina, kuma har gobe idan na tuna ruwan ɗumin nan hawaye nake yi.

Bayan rasuwarsa da shekara huɗu, abin ya zo kaina. Na fara ganin mutane kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Na ɓoye, ina tsintar shinkafa da lalube, har ranar da na gaishe da randar ruwa na ɗauka baƙuwa ce ta durƙusa. 'Yata da ke aure a Samaru ta ce, "Inna, gobe asibiti, ba shawara na zo yi ba."

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta gama haske-haskenta ta ce yana ce. Na ce, "To, sai ta nuna in dawo ko?" Ta yi dariya ta ce, "Mama, wa ya gaya miki?" Na ce likita ne ya gaya wa mijina. Sai ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce wancan likitan bai yi ƙarya ba, iyakar abin da hannunsu ya kai ke nan a lokacin. Amma masu aikin ba su tsaya ba, sun yi ta bincike, wannan ya gwada ya bar wa na baya, na baya ya gyara. Yanzu ɗan ƙaramin yanka ake yi, sau da yawa ko ɗinki ba ya buƙata, a cire yanar, a saka wani ɗan madubi a cikin idon ya zauna a gurbinta. Babu jakar yashi, babu gindin kwalba, babu jira.

Na ba ta labarin ƙwayar shinkafar nan. Sai ta ce, "Mama, masu allura ba sa ciro komai. Tura ta suke yi ta faɗa can cikin ido, shi ya sa ake gani a ranar. Abin da aka nuna muku, Allah kaɗai ya san daga ina ya fito." Shekara goma sha uku ina ɗauke da abin nan ban san gaskiyarsa ba. Na fashe da kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Aka ba mu takardar amincewa da aiki. A gidanmu, tun kakanni, ba a sa wa mace wuƙa sai namijin gida ya sa hannu. Don haka ko tambaya ba mu yi ba, 'yata ta naɗe takarda muka nufi wurin ƙanin maigidana, domin shi ne babba yanzu. Abokin wasana ne tun ina amarya, amma tun ranar zauren nan wasanmu ya mutu.

Ya saurari 'yata har ta gama, ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Ba za a taɓa idon kowa a gidan nan ba kuma. Abin da ya sami Yaya bai ishe mu ba?"

'Yata ta ce, "Baffa, ai wannan ba irin wancan ba ne."

Ya ce, "Ke yi mini shiru. Allura da wuƙa duk uwarsu ɗaya. Ko likitan ma cewa ya yi sai ta nuna. A bari ta nuna."

Na ce, "Alhaji, idan ta nuna kai za ka ci?"

Ya ce, "Matar Yaya, ba wasa nake yi ba."

Na ce, "Ni ma rabona da wasa tun ranar da na kai ruwan ɗumi zaure. Ranar nan kun yanke shawara na yi shiru, mijina ya makance. Yau kuma kun yanke shawara, kana so in yi shiru in makance. Shirun nan sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, na riga na yi nawa. Ba ni takardata."

Bai ba ni ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Shi ya kawo mai allura, kuma abin yana cin sa kamar yadda yake ci na. Amma tsoronsa ba zai zama kabarin idona ba.

Washegari na ɗauki mayafina na ce wa 'yata mu koma asibiti. Tana ta zullumi a mota, wai me dangi za su ce. Na ce su faɗi abin da suka faɗa shekara tara suna kallon ubanki yana lalube. Na gaya wa likita namijin gidan ya ƙi sa hannu. Ta ce, "Mama, idon na waye?" Na ce nawa. Ta ce, "To hannun wa muke nema?" Na ce ban iya rubutu ba. Ta ciro sabuwar takarda, ta turo mini tawada. Aka karanta mini takardar da Hausa, har da abin da zai iya faruwa idan ba a yi dace ba, ba su ɓoye mini ba. Na ce na ji. Na danna yatsan nan da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

Ranar aiki ido ɗaya suka yi, suka ce ɗayan sai wannan ya warke. Da na ji haka na tuna an soke wa maigidana biyu a zama guda. Ban yi barci ba, ina jin su suna magana ƙasa-ƙasa, ni kuma ina salati. Kafin na gama abin da nake ja, an ce an gama. Washegari aka ɓare auduga. Abin da na fara gani furfura ce a goshin 'yata. Na ce, "Ke, yaushe kika tsufa ban sani ba?"

Da na koma Muchia, ina shiga tsakar gida na tsaya cik. A jikin bango, daidai ƙugu, akwai wani baƙin layi mai sheƙi, ya tashi daga ƙofar ɗakin maigidana ya tafi har wurin alwala. Sawun hannunsa ne na shekara tara. A ƙasa da shi kaɗan kuma ga wani sabo, bai yi duhu sosai ba. Nawa ne. Ashe na fara bin hanyarsa ban sani ba. Na dafa bangon na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza, 'yata tana roƙona kada na ɓata aikin.

Kwana biyu sai ga Alhaji, ya zo ganin ɓarnar da aka yi. Ya tsaya daga nesa ya ɗaga hannu ya ce, "Yatsu nawa?" Na ce, "Sauke hannunka, wannan tambayar ta taɓa cutar mu. Hularka dai a karkace take, kuma akwai manja a gaban rigarka." Na kama hannun rigarsa na kai shi gaban bango na ce ya duba. Ya matsa, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa bangon kafin ya gani. Ya juyo hawaye na zuba. A nan na ga farin hazo kwance a tsakiyar idonsa na dama.

Na ce, "Alhaji, tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara biyu. Jira nake ta nuna."

Na ce, "Gobe ka shirya, ni zan raka ka. Kuma kada ka damu, ba sai na sa maka hannu ba."

An so a shafe bangon nan da farar ƙasa lokacin bikin jikata, na ce sai bayan raina. Abin da na koya shi ne, ilimi tafiya yake yi, ba ya zama inda ka bar shi. Maganar da likita ya gaya maka shekaru da dama da suka wuce, koma ka sake tambaya, wataƙila an wuce wurin. Kuma ke mace, idan ranki ya ƙi abu a kan jikinki ko na wanda kike ƙauna, buɗe baki ki faɗa ko zaure cike yake da maza. Ni na yi shiru sau ɗaya, ga sawunsa nan a bango.