Tsirkiyar Bakan Baba

Baba ya rasu da damina, masara ta fara gemu, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ina dako a tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa saƙon ya same ni. Na hau babbar mota zuwa Malumfashi, na ƙarasa ƙauyenmu a ƙasa, ta hanyar Kafur. Kafin in iso an binne shi. Mata suna ta kuka, ni kuwa na zauna ina kallon kaji. Na jira abin ya zo mini, bai zo ba.

Birai ba su san makoki ba. Gonarmu tana gindin dutse, kuma bakan Baba kaɗai suke tsoro. Da suka ga shiru, sai suka sauko gari guda. Masarar nan kuwa ita za ta riƙe mu har dawa ta nuna.

Na ɗauko bakan a ɗakinsa. Tsoho ne, na kakanmu, ya yi baƙi don shan mai, bakunansa biyu sun ɗan lanƙwashe baya. Ɓera ya cinye tsirkiyar. Na jiƙa fatar gada, na yanka, na murɗa sabuwa. Wannan kowa ya iya. Abin da ban sani ba shi ne tazarar da ake bari tsakanin tsirkiya da wurin riƙo. Na sha ganin Baba yana dunƙule hannu a wurin, ya miƙe babban yatsa har ya taɓa tsirkiya. Na gwada da nawa hannun. Amma Baba ƙato ne, ni kuwa hannun Inna na ɗauko.

Da na saki kibiyar farko, tsirkiya ta zabga mini mari a wuyan hannu. Ta yi sako-sako ke nan. Na kwance, na ƙara murɗi, na ɗaura, sai itacen ya fara ƙara kamar zai tsage. Na rage. Haka na wuni a tsakar gida, hannuna ya kumbura, ban ma damu ba.

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta cika kallona ba. Duk sanda na fizgi tsirkiya in ji amonta, sai ta ce, "Kai, ba haka take kuka ba." Ba ta taɓa riƙe baka ba, amma tun tana amarya take jin amonsa, kullum in Baba zai fita.

Wajen la'asar na ƙara murɗi kaɗan, na fizga. Wani amo ya fito, gajere, mai kauri.

Inna ba ta ɗago ba, hannunta yana cikin ƙwarya, ta ce, "Maigida, kada ka manta gorar ruwanka."

Sai hannun nata ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni dai ina tsaye da baka, ba na jin komai sai zugin wuyan hannu.

"Kwance ta," in ji ta.

"Inna, birai fa?"

"Na ce ka kwance ta."

Na kwance. Birai suka gama da masarar kafin sati ya zagayo, muka ci tafasa da rama har kaka.