Amanar da Suma'ila Ya Bar wa Kolo

Kolo mai gyaran rediyo Babarbare ne, ni kuwa uwata Bafillata ce, don haka tun ranar da na kafa keken ɗinkina a jikin shagonsa a Zango nake da ikon zaginsa, shi ma yana ramawa. Da safe in ya iso sai ya ce, "Wushe, Garba bawana," ni kuma in ce, "Sannu, mai kwalabe." Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma bai kai rufi ba, duk abin da ya toya da dalma ni nake shaƙa.

Kwalaben da nake tsokanarsa da su su ne abin da yake kira lampu, 'yan kwalaben gilashi da ke cikin tsofaffin rediyo, waɗanda ke yin ja kamar garwashi idan kuran, wato wutar lantarki, ya shiga. Wajen wani mutumin Togo ya koyi aikinsu tun zamanin Nasara. Da ƙananan rediyo masu batir suka fara kwararowa daga Kano, kowa ya jefar da tsohuwar tasa, Kolo ya ce sababbin ba su da rai, muryarsu ta mai mura ce. Yana gyara su dai don tuwo, amma yana yi yana tsaki. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, kuma na sha faɗa masa.

Wata rana wani saurayi mai suna Suma'ila, ɗan manoma daga Durum da ya koyi kaɗa gita a gari, ya sauke wani akwati daga amalanke a ƙofar shagon. Ampili ne, akwatin da ake jona gita da shi ya ɗaga mata murya. Wajen wani mushe, wato malamin makaranta, Bature da zai koma ƙasarsu ya saye shi a mace. Gara ta ci katakon, ɓera ya haihu a ciki. Na leƙo na ce a ba ni in hura wuta da shi. Kolo bai ko dube ni ba. Hannu ya sa ya shafa manyan lampu biyu da ke baya, na ga fuskarsa ta canza.

Damina guda ya yi a kan akwatin nan. Ya warware taransifo, ya sake naɗa masa wayar tagulla da hannu, yana naɗi yana motsa baki kamar mai lazimi. Ya sa kafinta ya yi sabon gida, dukawa suka lulluɓe shi da jar fatar akuya. Ranar da aka kunna, Suma'ila ya taɓa tsirkiya, ya saurara, ya girgiza kai.

"Malam Kolo, wannan muryar ta Turawa ce, ta cika tsabta. Ni so nake ta yi kuka irin na garaya."

Wani zai yi fushi. Kolo dariya ya yi, ya sake buɗe cikin, ya canza wasu 'yan ƙananan abubuwa har lampun suka riƙa shan kuran fiye da yadda aka yi su. Sai muryar ta fito da kaushi, tana zuga kamar garayar mafarauta. Ni da ba na son kiɗan zamani, allura ta tsaya a hannuna.

Amma abin ya zo da tasa matsalar. Lampun suka riƙa ɗaukar zafi na fitar hankali, ga zafin Damagaram. Kolo ya samo dabara daga randa: ya jiƙa buhun algarara, ya matse, ya rataye shi a bayan akwatin da ratar taki guda, iska in ta ratsa ta huce kafin ta shiga. In buhu ya bushe a cire, a jiƙa a gefe, a matse, a mayar. Ɗigo ɗaya bai yarda ya kusanci gilashin ba. Saboda wannan ne duk bikin da aka gayyaci Suma'ila, daga Birni har Gaffati, Kolo na biye da shi da bokiti. Mutane suna ce masa mai shayar da akwati, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Ba na son tuna shi. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Rijiyoyi suka ƙafe, mata suna wuni a layin famfo su dawo da rabin tulu. Biki ya ɗauke, don wanda bai ci ba ba ya kiran makaɗi. Mutanen ƙauye suka cika bakin gari da 'yan tabarminsu. Ni kaina sai da na wuni ina ɗinka likkafani, babu mai kawo riga.

Suma'ila ya yanke shawarar tafiya kudu neman abinci, ta hanyar daji, tunda an rufe iyaka. Ya rataya gitarsa a baya, ya kawo ampili shagon.

"Amana, Malam Kolo. Kada ka sayar, kada ka ba kowa. In ina da rai zan dawo."

"Ka tafi," in ji Kolo. "Yadda ka bar shi haka za ka same shi."

Maganar nan ita ta cinye shi. Lampun nan biyu su ne na ƙarshe, babu irinsu a Damagaram, ya kuma san haka. Ya sayar da kekensa, ya sayar da tarin tsofaffin rediyonsa, har agogon hannunsa. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Agadas ya zo ya taya ampili da buhun gero. A shekarar nan, buhun gero! Kolo ya ce ba nasa ba ne. Matarsa Bintu ta zo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, akwati za mu dafa wa yara?" Ya sunkuyar da kai. Da ta tafi na zage shi tas, ba zagin wasa ba. Na ce mai abu yana can ba a san ko yana raye ba, kai kana nan kana gadin fatar akuya. Ya ce, "Garba, ai na ce masa zai same shi."

Kamar wannan bai isa ba, sai ga mahaifin Suma'ila, wani tsoho mai suna Nomau, ya iso daga Durum da ƙafa, babu kowa nasa a gari. Kolo ya ba shi zauren gidansa. Kullum tsohon yakan biyo shi shago ya zauna kusa da akwatin, yana shafa fatar. Bai san yadda abin yake aiki ba. Ya dai san na ɗansa ne.

Da damina ta yi nisa ruwa ya ɗauke babu ɗigo, aka sa ranar roƙon ruwa a filin da ke bayan masallacin unguwarmu. Liman ya tsufa, muryarsa ba ta wuce sahu biyu. Dattawan da suka sha cewa akwatin Kolo kayan shaiɗan ne, su suka zo da kansu suna neman aro. Kolo ya ce amana ce. Suka ce to ai don Allah za a yi, kuma mai amanar ma ruwan yake jira ya dawo gida. Nomau ya ce, "Ba su, ɗana. Da Suma'ila yana nan da ya ba su."

Aka ja waya daga wani gida, aka jona mikoro, abin magana. Hantsi ya yi, rana tana dukan ƙeya, jama'a sun cika fili har da yara da 'yan awakin da suka rage. Kolo ya jiƙa buhu da ruwan shansa na ranar, ya rataye. Muryar liman ta fito da kaushin nan na garaya, amma ta kai har ƙarshen fili, na ga tsofaffi suna kuka. Da aka zo juya riguna, Kolo ya matsa cikin sahu ya cire tasa don ya birkice ta kamar kowa. Nomau ne kaɗai ya rage a gefen akwatin, don ba ya iya doguwar tsayuwa.

Ni ina sahun gefe, na gani da idona. Tsohon ya taɓa akwatin ya ji zafi, ya taɓa buhu ya ji ya bushe ƙayau. Ya ga yadda Kolo ya rataya wa abin nan jiƙaƙƙen buhu ɗazu, ya ɗauka sha yake, kamar dabba. A butarsa akwai ɗan ruwan da ya yi tanadi tun safe bai kurɓa ba. Ya ɗage buhun, ya leƙa inda ja yake, ya tuttula duka a kan lampun.

Na ji ƙas, ƙas, sai hayaƙi mai wari. Muryar liman ta yanke a tsakiyar addu'a. Wasu suka fara salati, wata mata ta ce an ƙi karɓar addu'ar. Kolo ya iso da rigarsa a birkice, ya dubi fasassun gilashin, ya dubi butar da ke hannun tsohon.

"Ƙishi yake ji," in ji Nomau. "Na ba shi nawa."

Na zaci Kolo zai yanke jiki ya faɗi. Ya durƙusa ya karɓi butar. "Ka kyauta, Baba. Gajiya ce ta kama shi, zai huta."

Ruwa bai zo ba a shekarar. Nomau ya rasu a zauren Kolo kafin sanyi ya wuce, yana ganin ya yi wa ɗansa hidima. Kolo ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ya bi direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, yana aika saƙo Kano da Yamai, sai a kawo masa ƙananan lampun rediyo da ba su yi. Taransifon da ya naɗa ma ya ƙone ƙurmus. Yunwar da ya jawo wa iyalinsa ta tafi a banza, kuma Bintu ba ta ɓoye masa hakan ba.

Bayan an sami damina, Suma'ila ya dawo. Ya rame, haƙoransa biyu sun zube, amma gitar tana bayansa. Ya yi dako, ya kwana a tasha, bai sayar da ita ba. Labarin rasuwar mahaifinsa ya riga ya iske shi a can. Daga tasha shagon ya nufo, ya yi wa Kolo godiyar riƙon tsoho, sannan ya zaro gitar yana murmushi.

"Malam Kolo, kunna min."

Kolo ya juyo masa bayan akwatin. Suma'ila ya daɗe yana kallo. Ya san irin fashewar nan, ya san abin da ke kawo ta.

"Wa ya zuba masa ruwa?"

Na buɗe baki daga inda nake. Kolo ya harare ni ta saman bango.

"Ni ne," in ji shi. "Hannuna ne ya kuɓuce."

Suma'ila ya mayar da gitarsa baya, ya fita, bai ɗauki akwatin ba. Ya koma Durum ya kama noma. Har Kolo ya mutu, in Suma'ila ya shigo gari ranar kasuwa, ta wancan gefen titi yake wucewa.