Ranar da Kunkuru Ya Sha Ruwa

Shekara ashirin da biyu Baba Kafinta ya yi yana gyaran benci a makarantar 'yan mata, kuma ba wanda ya taɓa jin ya amsa laifi. In ƙofa ta ƙi rufuwa, magini ne ya karkata bango. In benci ya karye, yaran zamani ne ba su iya zama ba. Hannunsa akwai kyau, amma kai, mutumin nan akwai taurin kai!

Da 'yarsa Auta da ƙawayenta biyu suka shiga gasar ƙera mutum-mutumi ta makarantu, shi ya yanka musu gangar jikin mutum-mutumin da katako. Abu ne mai taya huɗu da hannu ɗaya na ɗaukar ƙwallo, suka sa masa suna Kunkuru. Wata biyar suna fama da shi, kuma bana ce shekarar Auta ta ƙarshe a makarantar. Dokar gasa ta ce kada nauyi ya wuce kilo biyar. Da suka auna a makaranta bai ma kai ba.

Ranar gasa aka ɗora Kunkuru a kan sikeli a babban zaure. Kilo biyar da giram arba'in.

"Sikelinku ne ke ƙarya!" in ji Baba Kafinta.

Alƙaliyar gasa ta sauke Kunkuru. Ta gwada sikelin da ƙarfen awo, ya nuna daidai. Sannan ta karanta doka: da zarar an auna, ba a cire wani sashe, ba a musanya shi. Awo na biyu sau ɗaya ne, kafin sha biyun rana. Wanda ya sake wucewa sai gida.

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Baba Kafinta ya shafa katakon, ya ji sanyi, ya sansana shi. Shi ne ya ajiye Kunkuru a bakin tagar shagonsa don fenti ya bushe, kuma kwana biyu aka yi ana zabga ruwa.

"Auta, laifina ne," ya ce. Kunya ta rufe shi.

Ya juya ga alƙaliya. "Ranki ya daɗe, ni ban yi boko mai zurfi ba. Duba mini takardar da yaran nan suka rubuta sassansa. Akwai ruwa a ciki?"

Ta duba: katako, taya, batir, waya, kusoshi. Babu ruwa. Baba Kafinta ya ce to a bar su su shanya shi a rana.

Wani malami daga wata makaranta ya yi caraf ya ce rage nauyi ai canji ne. Alƙaliya ta sake karanta layin a hankali, ta ce doka sashe ta hana cirewa, ba ta hana shanya ba. Ta kuwa sa malamin nan da kansa ya tsaya a kansu, kada su taɓa ko kusa ɗaya.

Suka shanya Kunkuru a kan siminti a tsakar rana. Baba Kafinta ya kifa hularsa a kan batir, yana juya katakon bini-bini, 'yan matan na fifita da kwali. Malamin ya gaji da kallo, ya ja tsaki, ya je ya ɗauko musu fanka daga ofis.

Sha biyu saura minti biyar aka sake ɗora shi. Lambobin suka yi ta rawa, sannan suka tsaya: kilo biyar cif.

Baba Kafinta ya zauna daɓas a ƙasa a gaban kowa, yana dariya yana goge ido.

"Haba Baba, tashi mana, ana kallonmu," in ji Auta.

"Su kalla," ya ce. "Ɗauki abinki ki shiga fili."