Katin Rawaya

Tun tana 'yar makaranta aka san ta da kyan hannu. Rubutunta ƙanana ne, a tsaye, kowane harafi da wurin zamansa, har malamai kan sa ta rubuta allo idan baƙi za su zo. Wannan hannun Malam ya fara gani kafin ya ga fuskarta. Shi ya faɗa da bakinsa a gaban mutane yana dariya, ita ma ta taya shi, don a lokacin ta ɗauka yabo ne.

Malam yana koyarwa a kwalejin horar da malamai, yana kuma haɗa kundin babban digiri a kan yadda kasuwanni ke tashi da yadda suke mutuwa. Nasa rubutun kuwa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ba a daɗe da aurensu ba ya shigo da kwalayen takalmi uku, ya jera a kan teburin da ke jikin taga, ya kira ta ya karanta mata dokoki.

Shuɗin kati na littafi ne. Kowane littafi da katinsa, a rubuta sunan marubuci da sunan littafin da shekararsa, a ba shi lamba. Farin kati na maganar da aka ɗauko daga littafi ne, kalma da kalma, a sa lambar littafin da shafi a kusurwar sama. Katin rawaya, wanda ya fi sauran ƙanƙanta, na tunanin Malam ne shi kaɗai, shi ya sa ba a sa masa lamba. Kati ɗaya, magana ɗaya.

Ta ce cikin wasa, "To ni wane launi ne nawa, Malam?"

Ya ce, "Ke ai alƙalami ce." Da ya ga fuskarta ta ɗan sauya, sai ya ƙara da cewa, "Kwantar da hankalinki. Ranar da aka buga littafin nan, sunanki zai shiga. A shafin farko, bugun inji, kowa ya gani."

Shekara guda ta rage mata ta gama nata karatun lokacin da aka yi auren. Ba a sake tayar da wannan zancen ba. Alkawarin shafin farko ta riƙe, ta adana shi yadda ake adana abin da babu na biyunsa.

Haka zaman ya miƙa. Malam zai aro littattafai daga laburare, ya ja layi da fensir a gefen wuraren da yake so. Idan ta gama shara da wanke-wanke sai ta zauna jikin taga ta kwafe, sannan ta bi layukan fensirin ta goge kada a kama shi. Ta kwafa da ciki, ta kwafa da goyo. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta, tawada ta zauna a gefen farce ta ƙi fita. Ƙanwar Malam, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta laƙa mata suna.

"Sakatariya! Ana ofis ne, ko baƙi za su samu ruwa?"

"Ga randa can, ƙafarki ba ta karye ba."

"Yaya, ka dai riƙa ba ta hutun ƙarshen mako, kar ta kai ƙararka."

Sunan ya bi ta har unguwa. Yara ma da suka taso, wasu ba su san tana da wani ba.

Wani lokaci tana cikin kwafa sai bakinta ya kuɓuce. Wata rana ta ce, "Wannan marubucin sai cewa yake sabuwar hanya ce ke kashe kasuwa. Tamu kam rijiyar ce ta ƙafe. Masu sayar da abinci suka fara tashi, masu dako suka bi su, su mamana sai suka waiwaya suka ga ba kowa." Malam ya ɗago kai ya dube ta, sannan ya ce, "Sa a rawaya." Ta sa. Daga baya ya zama al'ada. Ta faɗi abu, ya ce a sa a rawaya. Ba ta taɓa tambayar ko rawayan ya sauya ma'ana ba, shi ma bai ce ya sauya ba.

A shekarar da ta haifi na uku, wani abokin aikin Malam ya ara masa wani littafi da babu irinsa a laburare, ya ce zai karɓa kafin ya yi tafiya. Malam ya ja layi a kusan rabin babi. Tana tsakiyar aiki fararen katuna suka ƙare.

"Malam, farare sun ƙare."

Yana ɗaura agogo zai fita. Ya ce, "To sai me? Ga rawaya nan jibge, ki yi a kansu."

"Ba za su cakuɗe da naka ba?"

"Ni ban san maganata ba? Ke za ki koya mini muryata?"

Ta yi a kan rawaya. Da yake katin ƙarami ne, maganar kan cika fuskarsa, sai ta rubuta lambar littafin da shafi a baya. Sannan ta lanƙwasa wa kowanne kunne ɗaya, don duk wanda ya ɗauka ya san akwai abin dubawa a bayansa. Ta zuba su cikin kwalin rawaya, tunda nan ne kaɗai girmansu ya shiga.

Shekaru suka wuce, kwalaye uku suka zama tuli a ƙarƙashin gado. Da lokacin rubutu ya zo, Malam ya kwashe kujerun falo ya baza katuna a ƙasa, layi-layi, ya hana yara ƙetare ƙofa. A nan ya ci karo da masu lanƙwasasshen kunne. Ya ƙwala wa babban ɗansu kira, hannunsa na kan bel.

Ta fito daga kicin da sauri. "Ba shi ba ne, ni ce. Ai alama ce, Malam, waɗannan su ne..."

"Na tambaye ki dalili? Aikin shekara da shekaru kike lanƙwasawa kamar takardar ƙunshi? Ɗauko dutsen guga."

Ta ɗauko. Ta shimfiɗa ƙyalle a kan kowane kati ta danna, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kanta, har kunnuwan suka kwanta sumul. Da ta kawo masa abinci ta sake buɗe baki, ya ɗaga mata tafin hannu, alamar yana tunani. Wannan tafin hannun ta daɗe da saninsa. Ta ce a ranta ai dole wata rana ya juya kati ya ga bayansa.

Malam ba ya juya kati. Idan ya gama jera su yadda yake so, gam yake shafa musu a baya ya manna a kan manyan takardu, ya cike tsakaninsu da nasa rubutun, ya kai wa mai tafireta. Fari a sa shi cikin baka a rubuta mai shi a ƙasa. Rawaya a zarce da shi a matsayin maganar Malam.

Kundi ya wuce, Malam ya zama Dakta, wata maɗaba'a ta buga aikin ya zama littafi. Ranar da aka kawo shi gida ta wanke hannu, ta tsane a zane, sannan ta buɗe. A shafin godiya akwai malamin da ya duba aikin, da shugaban laburare, da abokin da ya ba da aron littafi, da mai tafireta, kowa da cikakken sunansa. A layin ƙarshe aka rubuta, "da iyalina."

Ta bi shafin da yatsa ta sake bi. "Malam, ban ga..."

"Ga ki nan mana. Iyali. Ke ba iyali ba ce?" Ya karɓe littafin. "Wuri ne ya ƙure. Bari a zo bugu na biyu."

Kafin bugu na biyu, wani malamin wata jami'a da ya san wancan littafin aron ya rubuto wa kwalejin. Ya jera sakin layi na Dakta a gefe, na wancan marubucin a gefe, babu ko waƙafi da ya bambanta. Kwaleji ta kafa kwamiti. Gidan da suke ciki na kwalejin ne, makarantar yaran ma haka.

Malam ya dawo da tsakar rana, abin da bai saba ba, ya zube manyan takardun a gabanta. "Daga ina waɗannan suka shigo kwalina?"

Ta miƙe. Ta ɗora buta a wuta, ta kara takardar a bakin tururi har gam ya saki, ta ɓanɓaro kati ɗaya ta juya masa. Lambar littafi da shafi suna nan, ƙanana, a tsaye. Ya daɗe yana kallo. Ta jira. A zaman da suka yi duka, ba ta taɓa jiran magana kamar yadda ta jira wannan ba.

Ya ce, "Wa ya ce ki rubuta a baya?"

Ranar zaman kwamiti ya ce ta shirya za ta raka shi. Ta sa kayanta mafi kyau. Ɗakin dogo ne, da dogon tebur, da fanka mai ƙara a sama. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya yi mata magana a hankali kamar yana yi da mara lafiya.

"Baiwar Allah, ke kika kwafi katunan nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin san rawaya na tunanin maigidanki ne?"

"Na sani."

"To ba ki yi wata alama ba, da za ta nuna masa waɗannan daban suke?"

Ta dubi Malam. Malam yana kallon fanka. Ta tuna yaran suna aji a daidai wannan lokacin.

Ta ce, "Da akwai alama. Ni na goge ta da dutsen guga."

Wani a ƙarshen tebur ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Shugaban ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Dakta, Allah ya ba ka haƙuri. Amma aikin ilimi ba a barin sa a ɗakin guga." Malam ya sunkuyar da kai irin na wanda aka zalunta ya yafe. Aka yi masa gargaɗi, aka ce a gyara a bugu na gaba, a kuma bayyana yadda abin ya faru.

Katunan da ya ce ba nasa ba ne, waɗancan ne kawai. Sauran rawayan duk ya riƙe. Babin rijiyar da ta ƙafe shi aka fi yabo, har taro aka gayyace shi ya yi magana a kai.

Bugu na biyu ya fito. Malam da kansa ya kawo mata kicin, ƙanwarsa na biye da shi. Ya buɗe shafin farko, wanda ke gaban shafin godiya. An yi masa kai da manyan haruffa: Gyara da Neman Afuwa. A ciki an ce kuskuren ya samo asali ne daga sakacin mai kwafar katuna, wadda ba ta da horon bincike. Ga sunanta nan cikakke, da na mahaifinta, ba harafin da ya ɓace.

Ya ce, "To. Shafin farko, bugun inji. Na cika ko ban cika ba?"

Ƙanwar ta tafa hannu. "Sakatariya an shiga littafi! Yau sai ki yi mana kyauta."

Ta riƙe littafin da gefen zane don hannunta da mai. Ta karanta sunan. Shi ne karo na farko da ta gan shi ba da hannunta aka rubuta ba. Ta ce, "Ka cika, Malam." Ta mayar masa, ta juya ta sauke tukunya.

Ta ci gaba da kwafa, don akwai littafi na biyu da na uku. Bambancin kawai, Malam ya sa wa kwalin rawaya kwaɗo, idan ta faɗi abu shi yake buɗewa ya miƙo mata kati guda. Ya zama Farfesa. Da hannunta ya fara rawa, haruffa suka daina tsayawa a wurin zamansu, ya duba wani kati ya ce, "Hannun nan ya gama aiki," ya kwashe kwalayen ya kai ofis. Teburin jikin taga ya koma wurin guga.

Autarsu ta shiga wannan kwalejin ita ma. Wata rana ta dawo idanu jajur, ta jefar da jaka, ta tsaya a kan uwar tana guga.

"Mama, kin san abin da ake koyarwa a darasin bincike? Malamin ya ce a raba abin da aka kwafo da abin da aka yi tunani, kada a yi irin na matar Farfesa. Ya buɗe littafin Baba ya karanto sunanki. Aji duka dariya. Wai duk shekara sai ya karanta, har a jarrabawa yana fitowa."

Uwar ta ɗaga dutsen guga, ta kara bayan hannu kusa da shi ta ji zafinsa.

Ta ce, "Ya faɗi sunan daidai?"

"Mama!"

"Tambayarki nake."

"Daidai ya faɗa."

"Har na kakanki?"

"Har shi."

Ta ce, "To." Ta jawo rigar Malam, ta shimfiɗa wuyan, inda ya ɗan lanƙwashe, ta danna.