Gishirin Ciyayya

Maigidana yana da shekara arba'in da 'yan kai aka ce yana da hawan jini. Ni kuwa ina goyon 'yarmu ta biyu, ko zama ba ta fara ba. Jiri ne ya ɗebe shi a shagonsa na atamfa, maƙwabta suka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Da na je, malamar asibitin ta dube ni ta ce, "Ke ce mai girki? To ki rage gishiri da magi da mai. Shi kuma ya sha maganinsa kullum, ya riƙa taka ƙasa. Namiji mai tumbi a wannan shekarun, abin da ya yi yanzu shi zai tarar a gaba."

Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da ido. Mahaifin maigidana bai kai sittin ba ɓarin jikinsa ya shanye, ya jima a kwance ya rasu. Wan mahaifin nan kuwa yana Zungur har yau, siriri kamar kara, da ƙafa yake zuwa gona, ya ga 'ya'yan jikokinsa. Rai na Allah ne, na sani. Amma in na ga maigidana yana haki wajen wanke ƙafa a alwala, sai gabana ya faɗi, in dubi yaran nan.

Na rage gishiri. Sai dai a layinmu na Ƙofar Ran maza ba sa cin tuwo a cikin gida. Bayan magariba kowa yake fitowa da kwanonsa ƙofar gidan wani dattijo da muke ce wa Alhaji, a baza tabarma, a riƙa buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan, tun iyayensu haka suke.

Kwanona ya fara dawowa da tuwo kusan yadda ya fita.

"Baban yara, ba ka ci ba?"

"Na ci mana, har na yi gyatsa. Na gidan Alhaji. Naki kuwa an ce in tambaye ki, ko gishiri ya yi tsada ne a yi miki karo-karo?"

Yana faɗa yana dariya. Ashe duk wahalar banza nake, gishirin gidaje biyar yake sha. Na ce ya riƙa ci a ɗaki. Ya ɓata rai. "So kike a ce mace ta ɓoye ni? Ko a ce na fi ƙarfin mutane?"

Da aka sake gwada shi, jinin bai sauka ba.

Ran nan da hantsi na goya yarinya na shiga gidan Alhajin, wurin matarsa da ta kusa haifata. Kunya kamar in nutse, yarinya da ni zan koya wa babba miya. Na dai faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ke 'yar nan, Alhaji ma an hana shi gishiri tun bara. Amma in fitar da lami gaban maza a yi da ni? Ni da ake yabon miyata?"

Ta yafa mayafi muka zaga tare. Gida uku cikin biyar akwai mai shan maganin hawan jini, kowace tana zuba gishiri don gudun gori. Muka yi shawarar mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, duk tare, mu ƙara daddawa da citta. Ɗaya ta ƙi. Ta ce mijinta lafiyarsa lau, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko ruwa zalla yake sha sai ya tafi.

Yanzu kwanona yana dawowa wayam. Maigidana ya ce matan layin nan duk hannunmu ya mutu, mace ɗaya ta rage mai iya miya. Na tambaye shi loma nawa yake yi a wancan kwanon.

"Ke, ana ƙirga loma a cikin maza?"

Na miƙa masa ƙwayar maganinsa da ruwa, na tsaya a kansa har ya haɗiye.