Katantanwa mai ƙafa a motar kafil

Jama'a, yau tsarabar 'yata ta kusa kashe mu a hanya!

Jiya mun je kwana bakin teku, ni da Isyaku direba, mutumin Kumasi, a motar kafil ɗinsa, wato ubangidansa, da ya roƙo aro. Tun korona ban fita daga birnin Doha ba. Da safe muka fito daga tanti, ruwa ya janye, ya bar 'yan kududdufai tsakanin duwatsu, ga katantanwa masu kyau birjik. Na cika hulata. Na kira 'yata Hanifa ta bidiyo, ta ce, "Baba, jar nan tawa ce, kar ka ba kowa!"

Muna hanyar dawowa, hular na tsakaninmu, sai Isyaku ya kurma ihu: "Innalillahi! Abu na hawa ƙafata!" Ya taka birki, mota ta yi cikin yashi, saura ƙiris mu kife. Na duba hula, wallahi wayam! Katantanwa sun fito da ƙafafu suna yawo kan kujeru! Ashe ƙaguwa ce zaune cikin kowacce.

Ya ce, "Malam Sani, aljanu ka kwaso mana?"

Da cokali muka tsince su, muka juya muka mayar da su teku. Amma jar nan ta Hanifa, ko alamarta. Mun ɗaga kafet, mun leƙa ƙarƙashin kujeru, shiru.

Don Allah wa ya san abin da ƙaguwa ke ci, mu yaudare ta ta fito? Gobe da safe Isyaku zai kai matar kafil kasuwa a motar nan, ita kuwa kyankyaso ma ta gani sai duk unguwar Aziziya ta ji ihunta!